AMSOSHIN WASIƘUNKU: Na'urar Da Ke Auna Kitsen Hanta Kafin Ka Saki Numfashi

  Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke cikinta ta rabu gida uku, kuma na tabbata akwai da yawa a cikinku da ke ɗauke da irin wannan damuwa, sai dai ba su rubuto ba.

Wasiƙar ta fito ne daga hannun wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda kuma yake noma a ƙauyensu. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce ya je asibiti saboda wani nauyi da yake ji a gefen cikinsa na dama, aka yi masa sikanin irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu, aka ce an ga kitse a hantarsa. Tun daga ranar bai sake barci mai daɗi ba. Ga tambayoyinsa. Ta ɗaya, wani ya gaya masa wai mashaya giya ne kaɗai ke samun wannan, shi kuwa bai taɓa kai ta bakinsa ba, ga shi maganar har ta fara yawo cikin dangi. Ta biyu, ɗansa da ke karatu a birni ya ce akwai wata na'ura mai suna MRI da ke auna kitsen hanta cikin sakan kaɗan, ba allura, ba yanka, shin gaskiya ne, kuma yaya take yi? Ta uku, shin ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya je a sa shi a cikinta, alhali ga damina ta ƙarato?

To Alhaji, Allah ya ba ka lafiya, mun gode da wannan wasiƙa. Gyara zama ka saurara.

Batun giya

Bari mu fara wanke ka. Gaskiya ne giya tana tara kitse a hanta, amma ba ita kaɗai ba ce. A cikin shekarar 1980 wani likita mai suna Jurgen Ludwig, tare da abokan aikinsa a asibitin Mayo da ke ƙasar Amurka, suka ba da bayanin majinyata 20 waɗanda hantarsu ta yi kama da ta mashaya, alhali ba su sha. Galibinsu masu ƙiba ne, wasu kuma na da ciwon sukari. Daga nan cutar ta sami sunanta. A 2023 ma ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka sauya sunan, suka cire kalmar giya daga ciki, suka danganta cutar da yadda jiki ke sarrafa abinci. Saboda haka duk wanda ya zarge ka, ka ce masa likitocin duniya sun riga sun yanke wannan shari'a.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Wani babban lissafi da aka wallafa a 2016 ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin kowane baligi huɗu a duniya yana da kitsen hanta. Lissafin 2023 ya kai abin wajen kashi 30 cikin 100.

Daga ina kitsen yake zuwa? Mutane da yawa suna zaton sai wanda ke cin kitsen nama. A'a. Hanta, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi a jikin baligi, ita ce ma'ajiyar jiki. Idan ka ci tuwo ko shinkafa ko burodi, ko ka sha sukari fiye da abin da jiki zai ƙona, hanta sai ta mayar da rarar ta zama kitse. Ku masu turka rago kun san wannan: dusa da ƙaiƙayi da hatsi kuke ba shi, ba kitse ba, amma ranar yanka ga kitse nan jibge. A ƙasar Faransa ana ɗura wa agwagi masara na kimanin mako biyu da gangan, don hantarsu ta kumbura da kitse a sayar da tsada. Masara ce fa, ba man shanu ba. To, ɗan kasuwar da ya bar fartanya ya koma zaman rumfa daga safe har magariba, ga shayi mai kauri, ga lemon kwalba, shi ma turka kansa yake yi bai sani ba.

Likitoci na cewa hanta ta yi kitse idan abin ya kai kashi 5 cikin 100. Yawancin masu shi ba sa jin komai, kuma ba zai kai su ga wani mugun hali ba. Amma a jikin wasu, kitsen kan jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabo ya taru har hanta ta ƙanƙance ta taurare, wani lokaci har ciwon daji ya biyo baya. Shi ya sa ake son a san yawan kitsen, a kuma san ko yana raguwa.

Hanyoyin da ake bi kafin wannan na'ura

Sikanin da aka yi maka, Alhaji, da sauti yake aiki. Yana da arha, ba shi da illa, kuma yana nan a asibitoci da dama. Hanta mai kitse takan fito da haske a allonsa. Matsalarsa ita ce ba ya ba da lamba. Kamar mutum ne ya dubi buhu ya ce wannan ya cika, wannan bai cika ba, ba tare da ya ɗora a sikeli ba. Bugu da ƙari, idan kitsen bai kai wajen kashi 20 cikin 100 ba, sau da yawa yakan kuɓuce masa.

Hanya ta biyu ita ce a soka wata allura ta tsakanin haƙarƙari a ɗebo ɗan tsokar hanta kamar zare, a duba a madubin likita. Wannan tana nuna kitse da kumburi da tabo gaba ɗaya, har yau kuma ba a daina ta ba. Amma da zafi, akan sami zubar jini jefi-jefi, kuma abin da ake ɗebowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba. Kai da kake sayen hatsi ka san abin da nake nufi. Idan ka soka ƙarfen nan mai rami a wuri ɗaya na buhu, ka ga tsaba mai kyau, ba shi ke nan ka san abin da ke gindin buhun ba. Kuma ba mai yarda a riƙa soka masa allura a hanta duk bayan wata uku.

Yadda MRI take aiki

Ɗanka ya faɗi gaskiya. Na'urar wani ƙaton maganaɗisu ne, watau mayen ƙarfe, mai rami a tsakiya, inda ake tura mutum a kwance. Ana auna ƙarfinta da wani ma'auni mai suna tesla. Waɗanda aka fi amfani da su a manyan asibitocin duniya su ne masu tesla ɗaya da rabi da masu tesla 3. Mai ɗaya da rabi ta ninka maganaɗisun wannan ƙasa da muke takawa kimanin sau 30,000.

Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne. A cikin ruwa da kuma cikin kitse akwai wasu ƙwayoyin zarra da ake kira haidurojin, ido ba ya ganinsu. Idan mutum ya shiga cikin maganaɗisun, sai ƙwayoyin su daidaita, suna juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa. Sai na'urar ta aika musu da igiyar rediyo ta ɗan ture su. Da ta yi shiru, su kuma sai su mayar da amsa ta igiyar rediyo, wasu eriyoyi da aka shimfiɗa a kan cikin mutum su kama, kwamfuta ta mayar da amsar hoto.

Kun ji na ce rediyo, to rediyo nake nufi, irin namu. A na'ura mai tesla ɗaya da rabi ƙwayoyin suna amsawa a kan megahaz 64, a mai tesla 3 kuma a kan megahaz 128. Tashoshin FM da kuke kamawa suna tsakanin 88 da 108. Kun ga maƙwabtan juna ne. Dalili ke nan da ya sa ake lulluɓe bangon ɗakin da jan ƙarfe, don kada muryar irinmu ta kutsa ta ɓata hoton.

Ba a rana ɗaya aka kai nan ba. Felix Bloch da Edward Purcell su suka gano wannan amsa ta ƙwayoyi a 1946 a Amurka. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna yadda za a mayar da ita hoto, Peter Mansfield na Jami'ar Notingham a Ingila kuma ya ƙirƙiro hanyar hanzarta ɗaukar. Su biyun aka bai wa lambar yabo ta Nobel a 2003. A 1980 ne a birnin Abadin na ƙasar Sikotilan aka fara ɗaukar hoton jikin majinyaci da ya yi wa likitoci amfani.

Raba ruwa da kitse

To, yaya na'ura za ta san wannan amsar ta ruwa ce, wannan ta kitse ce? A nan ne dabarar take. Ƙwayoyin da ke cikin kitse suna juyi a hankali kaɗan fiye da na cikin ruwa. Kaɗan ɗin fa ƙwarai: a cikin juyi miliyan 64 da ake yi a sakan ɗaya, na kitse sun gaza da kimanin 220 kawai.

A 1984 wani masani mai suna Thomas Dixon, a birnin Sen Luwis na Amurka, ya ga yadda za a ci moriyar wannan ɗan bambanci. Ku ɗauka mutum biyu ne ke kewaya fili a guje, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauri. Sun tashi tare, can sai ka ga ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma, can kuma su sake haɗuwa kafaɗa da kafaɗa. Haka ruwa da kitse suke. Lokacin da suke tare, amsarsu tana haɗuwa ta yi ƙarfi. Lokacin da suka juya wa juna baya, ta kitse tana cin ta ruwa. A na'ura mai tesla ɗaya da rabi suna haɗuwa sau 220 a kowane sakan. Dixon ya ce, to a ɗauki hoto biyu, ɗaya suna tare, ɗaya sun raba hanya.

Na taɓa riƙe alli a aji, saboda haka ku yi mini haƙuri in ba ku lissafi. A buhu ɗaya akwai gero da dawa, duka tiya 40. An ce maka gero ya fi dawa da tiya 30. Nawa ne kowane? Ka haɗa 40 da 30 ka raba biyu, gero tiya 35 ke nan, dawa tiya 5. To haka kwamfuta take yi. Idan hoton farko ya ba da 100, na biyu ya ba da 80, ruwa 90 ne, kitse 10. Sai a rubuta: kitsen hanta kashi 10 cikin 100. Kuma tana yin wannan lissafi a kowane lungu na hantar, ba wuri ɗaya ba.

Daga baya aka ga hoto biyu ba su wadatar ba. Kitse kansa ba murya ɗaya gare shi ba, yana da wajen shida. Har ila yau, idan akwai sinadarin ƙarfe da yawa a hanta, amsar takan mutu da wuri, lissafi ya karkace. Masana irin su Scott Reeder na Jami'ar Wiskonsin da Claude Sirlin na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun yi shekaru suna gyaran wannan. Yanzu galibi amsa shida ake saurara a jere maimakon biyu, a fitar da wata lamba da likitoci ke rubutawa da haruffa huɗu, PDFF, watau kason kitse cikin 100. Riba biyu aka ci, domin awo ɗaya yana nuna kitse, yana kuma nuna ƙarfen da ya taru. Wannan na da amfani ga masu ciwon sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, don su ƙarfe yakan taru a hantarsu.

Me ya sa ake neman sauri?

Sa hannunka a ƙarƙashin haƙarƙarinka na dama, Alhaji, ka ja numfashi. Hanta tana manne da shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki, duk numfashi sai ta sauka ta hau. Tsofaffin cikinku za su tuna mai hoton kasuwa da ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle yana cewa kada ka motsa. In ka motsa, hoto ya yi dishi-dishi. Ƙafa da kai ana iya tsayar da su minti biyar, amma ba mai iya riƙe numfashi minti biyar. Don haka dole na'ura ta gama kafin mutum ya gaji.

Akwai wata hanya ta MRI da ta daɗe, wadda ba hoto take ɗauka ba, saurarar wuri ɗaya take yi, ɗan murabba'i kamar santimita 2 ko 3 kowace fuska. Da ita aka auna mutum 2,349 a birnin Dalas na jihar Teksas, aka wallafa sakamakon a 2005. Daga nan aka sami iyakar nan ta kashi biyar da rabi da ɗoriya cikin 100, aka kuma ga mutum ɗaya cikin uku a cikinsu ya haura ta. Hanyar tana da inganci, amma tana buƙatar ƙwararre, kuma ta mayar da mu ga sukar buhu a wuri ɗaya.

Ita na'urar tana tattara bayaninta ne layi-layi, kamar mai huɗa yana bin kunya bayan kunya. Kowane layi da lokacinsa. Duk dabarun sauri sun taru a kan abu ɗaya: yaya za a rage layukan ba tare da hoton ya lalace ba?

Dabara ta farko ita ce gayya. Maimakon eriya ɗaya, sai aka jera ƙanana da yawa cikin wani abu kamar bargo da ake ɗora wa mutum a ciki, kowace tana jin ɓangaren da ke kusa da ita fiye da sauran. Sai na'ura ta riƙa tsallake layi ɗaya cikin biyu, kwamfuta ta cike giɓin daga bambancin abin da eriyoyin suka ji. Daniel Sodickson ya nuna wani salo na wannan a 1997 a Amurka, Klaas Pruessmann da abokansa suka fito da nasu a 1999 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. Da wannan lokaci ya ragu da rabi, wani lokaci fiye.

Dabara ta biyu ta fito a 2007 daga Jami'ar Stanford, ta hannun Michael Lustig da malamansa. Ita kuma tsallaken ba a jere ake yinsa ba, ana tsintar layukan ne nan da can a warwatse, sannan kwamfuta ta nemo hoto mafi tsabta da ya dace da abin da aka tsinta. Kamar wasiƙar da ruwan sama ya taɓa ce: haruffa da yawa sun goge, amma da yake ba a wuri ɗaya suka goge ba, wanda ya iya karatu zai karanta ta daidai.

Da waɗannan dabaru, yau ana auna hanta ɗungurungum, daga sama har ƙasa, cikin riƙe numfashi sau ɗaya, kimanin sakan 15 zuwa 20. Manyan kamfanonin da ke ƙera na'urar, irin su GE da Philips da Siemens, kowane na da nasa tsarin na wannan awo. Ba a yi maka allurar rini, kuma babu irin hasken nan na hoton ƙashi da ake gudun yawansa.

To ƙaramin yaro fa, ko tsoho mai haki, ko mai rashin lafiyar da ko sakan 10 ba zai iya riƙewa ba? Dabara ta uku ke nan. Ana jera layukan ne kamar wayoyin ƙafar keke, duk suna ratsawa ta tsakiya. Da yake ana maimaita tsakiyar a kai a kai, motsi ba ya ɓata hoton sosai, kuma kwamfuta tana iya gane lokacin da hanta ta sauka da lokacin da ta hau. Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis sun wallafa gwajin wannan a 2018, har a kan yara. Mutum na numfashinsa yadda ya saba, cikin 'yan mintoci an gama.

Ta huɗu ita ce kwamfutar da ake koya wa aiki da dubban hotuna, har ta iya gyara hoton da aka ɗauka a gurguje. A 2018 Jami'ar Niyok da kamfanin Facebook suka buɗe wani shiri na wannan, suka fara da hotunan gwiwa. Amma a nan akwai abin lura. Wanda ke cike giɓi yana iya cikewa da abin da babu. Tun da lamba ake nema, ba kyan hoto ba, masana sukan gwada sababbin hanyoyi da kwalabe masu gaurayen ruwa da mai da aka riga aka san adadinsu, kamar yadda ake gwada sikeli da dutsen awo. In an zuba kashi 20, dole na'ura ta ce 20.

Saurin nan ya yi amfani ƙwarai wajen gwada magunguna, domin ana iya auna mutum yau, a sake bayan wata uku, ba tare da an soke shi ba. Da irin wannan awo aka bi diddigin maganin resmetirom, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2024, a matsayin na farko na wannan cuta. Amma na waɗanda tabo ya riga ya kama ne, kuma sai likita ya rubuta.

To, a sayar da shanun?

Alhaji, kada ka sayar. Ga dalilaina guda uku.

Na ɗaya, wannan awo kitse yake nunawa, ba tabo ba, alhali tabon shi ne abin tsoro. Hasali ma idan hanta ta yi nisa da lalacewa, kitsen yakan ragu, lamba ta yi kyau, mai ita kuwa yana cikin haɗari. Akwai hanyoyin duba tabo masu sauƙi. Likita zai iya haɗa shekarunka da sakamakon gwajin jini guda uku ya fitar da wani lissafi da ake kira FIB-4. In ya fito ƙasa, hankali ya kwanta. In ya hau, akwai wata ƙaramar na'ura ƙirar Faransa mai suna FibroScan da ke auna taurin hanta daga waje.

Na biyu, ba kowace MRI ce ke wannan aiki ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urori 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Nijeriya, kuma galibinsu a lokacin masu ƙaramin maganaɗisu ne. Idan maganaɗisu ya yi rauni, bambancin ruwa da kitse yakan ƙanƙance, amsar ma ta yi rauni. Duk wanda likita ya tura, ya fara tambaya ko na'urar wurin tana da tsarin auna kitsen hanta, kafin ya biya kuɗin mota.

Na uku, ko lamba ta ce 8, ko ta ce 18, maganin farko ɗaya ne, kuma yana hannunka. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen hanta. Kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, har tabo ma yakan ja da baya. In kai mai kilo 90 ne, ana maganar kilo huɗu da rabi zuwa kilo 9 ke nan, a hankali cikin watanni, ba da yunwar ganganci ba. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 9. Fara da ita, ka bi da sukarin shayi da na fura da na kunu. Rage malmalar tuwo, ƙara wake da zogale da rama da kuɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar. Bin bayan shanun nan naka da garma ya fi haka. Ka ga ashe shanun da kake shirin sayarwa suna cikin maganinka.

Kafin nan, ka koma asibiti ka roƙi a gwada maka sukari, da hawan jini, da ciwon hanta nau'in B da na C. Wannan na ƙarshe ina kira ga kowa da kowa. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, da yawa ba su sani ba. Akwai rigakafinsa, ana kuma yi wa jarirai tun ranar haihuwa. Ku manoma da masu ajiyar hatsi, ku busar da gyaɗa da masara sosai kafin ku zuba a rumbu, ku tsince masu funfuna ku zubar, domin dafin funfunar nan yana jawo ciwon dajin hanta, balle in ya tarar da nau'in B a jiki. Sannan ku yi hattara da masu lasifika a kasuwa da ke tallar maganin wanke hanta. Hanta ce ke tace duk abin da ka haɗiye, jiƙon da ba ka san abin da ke cikinsa ba ƙarin kaya ne a kanta.

Amma idan ido ya yi rawaya, ko ciki ya kumbura da ruwa, ko an yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko mutum ya fara ruɗewa, wannan ba na jiran amsar rediyo ba ne, a nufi asibiti nan take.

In kuwa wata rana likitanka ya ce lallai sai an sa ka a na'urar, to ka je ba fargaba. Za ka ji ƙara kamar ana buga ƙarfe, za a ba ka abin toshe kunne. Ka bar makulli da wuƙa da agogo da waya da katin banki a waje, haka ma laya ko guru in da ƙarfe a jiki. Ka gaya musu in an taɓa sa maka ƙarfe ko na'urar bugun zuciya, ko kana da haƙorin Makka, ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonka, musamman ku maƙera da masu walda. Da an ce ja numfashi ka riƙe, sai ka riƙe, kafin ka ƙirga 20 an gama.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Alhaji, muna jiran wasiƙarka bayan kaka, ka gaya mana kilo nawa ka sauke da kuma buhu nawa shanun suka kawo. Sauran masu saurare, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.